Manomin Kirki Ba Ya Cinye Irinsa



Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin jarrabawar JAMB ya zagayo, akwai wata magana da ke yawo a zaurukan Batsari da Safana, daga Ruma zuwa Runka, daga Wagini zuwa Zakka. Yaron da ya fi kowa ƙoƙari a aji, sai a ce masa ya nemi likitanci ko injiniyanci ko aikin lauya. Wanda ke biye da shi, a ce ya nemi aikin jinya ko akanta ko kwamfuta. Wanda kuwa makinsa ya gaza, aka buga nan aka buga can ba a samu gurbi ba, shi ne ake dafa wa kafaɗa a ce: "To, je ka yi NCE mana, ai ya fi zaman banza." Idan kuma wani yaro ya yi ƙarfin halin cewa Tarihi yake son karantawa, dariya ake yi masa, a tambaye shi ko tatsuniya zai riƙa kasawa a kasuwa. Mun daɗe muna jin wannan magana, kuma lokaci ya yi da za mu amsa ta a fili, domin tana yi wa yankinmu irin ɓarnar gara, wadda ba a lura da ita sai ranar da azara ta karye.

Mu mutanen noma ne, don haka da noma za mu fara. Kowane manomi ya san cewa idan an yi girbi, kafin a kai dami rumbu, sai a zaɓi zangarniyar da ta fi cika da ƙwari, a ɗaure ta daban, a rataye ta inda ɓera ba zai kai ba. Ita ce iri. Ko yunwa ta yi tsanani da bazara, magidancin kirki ya gwammace ya ci bashi da ya surfa irinsa, domin ya san wanda ya cinye iri ya cinye baɗi. To, malami shi ne irin al'umma. A hannunsa likitan ya koyi baƙi da wasali, a hannunsa injiniyan ya koyi tarawa da ɗebewa. Garin da ya tura haziƙan 'ya'yansa ko'ina ban da aji, ya bar wa alli da allo waɗanda suka rasa mafita, ya cinye irinsa. Ba zai gane ba a wannan daminar. Sai nan da shekara goma sha biyar, ranar da zai nemi yaro ɗaya da zai iya cin jarrabawar shiga likitancin ya rasa.

Kada wani ɗan'uwa ya ji kamar gugar zana muke yi masa. Muna da abokan aiki da yawa waɗanda ƙaddara ta kawo su aji ba da niyyarsu ba, suka zauna, suka ƙaunaci aikin, suka zama gwanayen da ake kwatance da su. Allah Ya saka musu da alheri. Amma sana'ar da rayuwar gari ta rataya a kanta ba a barin ta ga sa'a. Ba wanda ke zaɓar ungozoma ko direban motar haya da cewa ai wataƙila a dace.

Abin takaicin shi ne wannan raini ya wuce maganar zaure, ya shiga takardun hukuma. A shekarun 2023 da 2024, mafi ƙarancin makin da aka amince da shi don shiga jami'a shi ne 140 cikin 400, na shiga kwalejin ilimi kuwa 100. Wato ƙasa da kanta ta rubuta cewa wanda ya samu kashi ɗaya cikin huɗu ya isa a damƙa masa 'ya'yan mutane. Masu kare wannan tsari suna cewa an sassauta ne don kwalejojin ba su samun masu nema. Wannan ɗaukar magana ce ta wutsiya. Idan kasuwa ta mutu, ana gyara hanyar zuwa ne a kawo kaya masu kyau, ba a rushe katangarta don awaki su cika fili a ce ta ci. Matasa sun guji kwalejojin ilimi saboda sun ga yadda malami ke rayuwa, kuma rage maki ya ƙara tabbatar musu da abin da suke zato.

A wannan ƙasa tamu ta Katsina, a da akasin haka ake yi. An kafa Kwalejin Katsina a 1921, aka yi bikin buɗe ta a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma aikinta shi ne horar da malamai. Daga kowane lardi na Arewa ake tsamo yaran da suka fi fice a tura su can. Ahmadu Bello ya fito daga cikinta ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama hedimasta. Abubakar Imam da Isa Kaita sun riƙe alli a Midil ta Katsina, ɗaya ya zama uban rubutun zube na Hausa, ɗaya ya zama Ministan Ilimi na Jihar Arewa, wanda yau kwalejin ilimi ta Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa. Shehu Shagari malamin makaranta ne a Sakkwato da Argungu kafin ya zama shugaban ƙasa. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi shekaru yana koyarwa kafin ya shiga siyasa. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci da Maru, kuma shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, wadda daga baya ta haɗe da ƙungiyar NUT da aka kafa a Legas a 1931. Saboda haka duk wanda ya ce koyarwa aikin wanda ya rasa ne, sai ya gaya mana me waɗannan mutane suka rasa.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce wancan zamani daban, wannan daban. Za a ce albashin malami ba ya kai ƙarshen wata, ƙarin girma sai an yi ta jira, fansho sai an sha wuya. Uba zai ce: "Ni na ga yadda Malam wane ya tsufa a gidan haya, don me zan jefa ɗana?" Ba za mu ƙaryata shi ba, mu ne muke cikin rigar. A Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai, da alawus ga masu aiki a karkara, da gidaje masu sauƙin kuɗi. A 2021 aka yi alkawarin ba ɗaliban fannin ilimi na jami'o'in gwamnati naira 75,000 a kowane zangon karatu, na NCE kuma naira 50,000. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki. Yawancin abin da ya shafi kuɗi cikin waɗannan alkawura, malamin ƙauye yana jin sa ne a rediyo. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka kafa a 2024 kuwa, tsadar masara da man fetur ta tarye shi tun a hanya.

Duk da haka muna da abu uku da za mu ce wa wannan uba. Na farko, ƙarancin albashi dalili ne na faɗa, kuma don wannan faɗan aka kafa ƙungiyarmu. Sana'a tana samun daraja ne idan masu kaifin basira da ƙarfin hali sun cika ta, waɗanda za su iya zama da hukuma su kafa hujja da alƙaluma. Idan haziƙai suka ƙaurace mata, sai ta ƙara arha, a ƙara raina ta, 'ya'yan wasu su ƙara gudu. Dole wani ya tsinka wannan igiya. Na biyu, sunan kwas ba ya ɗaukar mutum aiki. Kowannenmu ya san matasan da suka karanta fannoni masu manyan sunaye, suka gama bautar ƙasa, suka yi shekaru suna yawo da takardu a Katsina da Kaduna da Abuja, daga ƙarshe suka dawo neman koyarwar nan da aka hana su karantawa, ba tare da horo ba, ba tare da sha'awa ba. Na uku, a duba inda guraben suke. A 2023 gwamnatin Jihar Katsina ta ɗauki malamai fiye da 7,000 a lokaci guda. Wace ma'aikata ce kuma ke ɗaukar mutane da yawan haka? Kuma wane aikin gwamnati ne ake samu a kowace mazaɓa, inda mutum zai tashi makaranta da azahar ya leƙa gonarsa da la'asar, ya kwana kusa da tsohuwarsa?

Sai hujja ta biyu, wadda ta fi ta kuɗi ciwo, wato tsaro. Ba wanda zai koya wa mutumin Batsari ko Safana ma'anar tashin hankali. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin dare ɗaya. A ranar 11 ga Disamba na wannan shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya duka ta ji. A Satumban 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da namu biyu. Makarantu nawa aka kulle, azuzuwa nawa suka koma masaukin 'yan gudun hijira, kowa ya gani da idonsa. A irin wannan hali, malamin da aka turo daga nesa zai nemi canjin wurin aiki, kuma ba mu ga laifinsa ba, shi ma yana da iyali. Wanda ke zama shi ne ɗan gari, wanda gonarsa da kabarin kakansa suke nan, wanda ya san wace hanya ake bi da wane lokaci, wanda idan an gudu da shi ake gudu, idan an dawo shi ke fara share aji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan 'ya'yan Madogara da Kandawa da Babban Duhu da Tsaskiya ba su koyi aikin malanta ba, wa muke jira ya zo daga wata uwa duniya ya koyar da ƙannensu?

Kuma kada mu yaudari kanmu, yaro ba ya zama babu malami. Idan bai samu na aji ba, zai samu wani a tasha, ko a majalisar masu shaye-shaye, ko a daji. Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, amma da yawa daga cikin yaran da suka tashi a rugage da tungayen Dajin Rugu ba su taɓa ganin cikin aji ba, sai ga wasunsu da bindiga a kafaɗa tun gemu bai fito ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Soja da ɗan sanda da askarawan da jiha ta kafa a 2023 suna iya tare wanda ya riga ya ɗauki makami. Hana wanda bai ɗauka ba ya ɗauka kuwa, aikin uwa ne da liman da malamin makaranta. Muna bukatar malamai 'ya'yan manoma, muna bukatar malamai 'ya'yan Fulani masu jin Fulfulde, waɗanda ruga za ta yarda da su ta ba su 'ya'yanta.

Haka nan muna bukatar malamai mata. Kowane hedimasta a ƙauye ya san iyaye sun fi sakin jiki su bar yarinya ta ci gaba da zuwa makaranta idan akwai malama a ciki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta horar da jajjaji, ta naɗa musu malfa, suka riƙa bin ƙauyuka suna karantar da mata, har tsarin 'Yantaru ya rayu bayanta. Uban da 'yarsa ta fito da sakamako mai kyau, ya ce karatun malanta bai kai darajarta ba, ya tuna cewa aikin 'yar Mujaddadi ne yake rainawa.

Yanzu bari mu koma kan Tarihi, wanda ya fi kowane fanni shan gori. Wannan gori ma yana da tushe a hukuma. A shekarar karatu ta 2009 zuwa 2010 aka cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa gutsattsarinsa cikin wasu darussa. Yara suka tashi fiye da shekara goma ba su san shi a matsayin darasi ba, ɗalibai suka daina nemansa a manyan makarantu, malamansa suka tsufa ba magada. Da ƙasa ta farga, sai aka dawo da shi. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da horar da malaman Tarihi 3,700, wato 100 daga kowace jiha da Abuja. Ku raba 100 ga ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, kowace za ta tashi da kimanin uku. Malamai uku ga dukan makarantun Batsari, uku ga dukan na Safana. Darasin yana cikin jadawali, mai koyar da shi ne babu, sai a miƙa wa duk wanda aka ga ba shi da aji a wannan sa'ar. Ga gurbi a buɗe, ga masu dariya suna cewa babu aiki.

Masu kiran Tarihi tatsuniya ba su san abin da ake koya a cikinsa ba. Mai tatsuniya yana farawa da "ga ta nan ga ta nanku" don kowa ya san ƙirƙira ce. Ɗalibin Tarihi kuwa ana koya masa ya tambayi kowane labari: wa ya faɗa, yaushe, a gaban wa, me zai samu idan an yarda da shi, wace shaida ce ta goyi bayansa, wace ce ta saɓa masa? Wannan tarbiyya ce da malamanmu na Hadisi suka san ta tun da daɗewa, wajen bin salsalar masu ruwaya. A yau da saƙon murya ɗaya a WhatsApp ke iya tayar da ƙauye tsakar dare, ko ya sa a far wa wanda bai ji ba bai gani ba, gari yana bukatar mutanen da aka horar su tsaya su auna magana kafin su yaɗa ta.

Ban da wannan, yankinmu yana zaune a kan tarihin da yawancin 'ya'yansa ba su sani ba. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, sai yammacin Katsina ya zama bakin daga tsakanin ɓangarorin biyu har tsawon ƙarni. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku, wanda aka sauke a 1844, yaƙi da tawaye sun tashi garuruwa a yankin Ruma, daji ya rufe kufai. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya taso daga Katsina zuwa Sakkwato, ya bi ta Kuraye da Kurfi ya sauka Zakka, sannan ayarinsu ya ratsa dajin da sauri cikin fargabar mahara har suka fita wajen Zurmi. A wannan ƙasa aka yi Ɗanwaire na Ruma, barden da sunansa ya cika Katsina da Maraɗi. Daga baya ƙura ta lafa, mutane suka dawo, aka sari gonaki, aka kafa kasuwanni. A 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, aka yi aikin raya makiyaya a dajin nan, Runka ta zama cibiyarsa. Sai farin 1973 da na 1984, sai yawan jama'a, sai gonaki suka ci burtali da mashaya, sai satar shanu, sai ɗaukar fansa, har muka iso inda muke.

Wanda ya san wannan zai fahimci cewa ruwa ba ya tsami banza. Zai san ƙasar nan ta taɓa watsewa ta sake haɗuwa, sai ya tambayi yadda aka yi. Zai san lokacin da Bahaushe da Bafulatani ke musayar taki da karan dawa, da abin da ya raba su, da waɗanda suka ci ribar rabuwar. An zauna sulhu a 2019, an kuma zauna bayan haka. A duk irin wannan zama ana bukatar wanda zai iya cewa ga inda burtali ya bi, ga abin da aka yi alkawari a wancan karo, ga dalilin da ya sa ya warware. Waiwaye adon tafiya ne, amma a wurinmu ya wuce ado, shi ne fitila. Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya bi garuruwan ƙasar Katsina yana zama da dattawa yana rubuta abin da suka ji daga kakanninsu, har ya fitar da littafinsa kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. Shi ma ya koyar a Kwalejin Barewa kafin ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna zamanin Balarabe Musa. Ya rasu a 2005. Wa zai ɗora daga inda ya tsaya? Dattawanmu da suka san iyakokin gonaki da sunayen kufai suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, wasu a gidajen aro a Batsari da Dutsin-Ma da Katsina, nesa da garuruwansu. Idan ɗan Batsari da 'yar Safana ba su rubuta abin da ya same mu ba, wani zai rubuta daga nesa, ya taƙaita mu a layi biyu na adadin gawawwaki.

Ga matashin da ke karanta wannan a gidan mahaifinsa, hanyar a fili take, kuma ba ta da nisa. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya duk suna Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana. A Katsina akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga kuma Zariya da Kano da Sakkwato. Karatun NCE shekara uku ne, ana haɗa darussa biyu, kuma shi ne mafi ƙarancin shaidar da doka ta yarda a koyar da ita. Wanda ya gama da sakamako mai kyau yana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri da kansu. Wanda ya fi son jami'a tun farko yana iya neman digirin da ya haɗa Ilimi da Tarihi, ko ya yi Tarihi zalla ya ƙara difloma ta koyarwa, wadda ake kira PGDE. Kowace hanya aka bi, sai an yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN. Idan makarantarka ba ta da malamin Tarihi, jami'o'i da dama suna karɓar darasin Gwamnati a madadinsa, amma ka duba ƙa'idar makarantar da kake nema kafin ka cike fom. Idan kuɗi ne matsala, akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka kafa a 2024. Mai digirin Tarihi kuma, ban da aji, yana da ƙofa a gidan adana takardu na ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da gidajen kayan tarihi irin wanda ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, da aikin jarida, da hukumomin tsaro, da aikin jakadanci.

Ba mu ce a hana kowa zama likita ba. Asibitocinmu suna kukan rashin likitoci, kuma yaron da Allah Ya ba wannan baiwa, a taimaka masa da duk abin da aka mallaka. Ba mu kuma ce a tilasta wa wanda ba ya son aji ya shiga ba, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da muke faɗa da shi shi ne kashe sha'awa da gori. A kowane aji akwai yarinyar da ƙawayenta ke zagayewa ta sake yi musu bayanin darasi bayan an tashi, akwai yaron da ke zama gindin kakansa yana tambayar asalin gari. Waɗannan an haife su da abin. A bar su su rubuta Ilimi ko Tarihi a zaɓi na farko, da makinsu mai yawa, da kansu a sama.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin jiha da majalisun ƙananan hukumominmu biyu da su mayar da wannan zaɓi abin da mai hankali zai yi ba tare da ya zalunci iyalinsa ba. A ware alawus na musamman ga malaman da ke aiki a ƙauyukan bakin daji, a biya shi tare da albashi. A gina wa malamai masauki a inda babu. A yi ƙarin girma a kan lokaci, a biya kuɗinsa. A ɗauki nauyin karatun haziƙan 'yan kowace mazaɓa da suka zaɓi fannin ilimi, bisa sharaɗin su dawo su koyar a gida na wasu shekaru, a kuma ba su takardar kama aiki da zarar sun gama. Idan za a ɗauki sababbin malamai, a ware gurbin Tarihi da sunansa. Ga iyayen ƙasa, Sarkin Ruma da Yariman Katsina da sauran hakimai da dagatai, Allah Ya ja zamaninku, muna roƙon ku karrama malamai a bainar jama'a kamar yadda ake karrama attajirai, domin yara suna kallon wanda aka ba shimfiɗa a gaba. Ga masu hali, wanda ya ɗauki nauyin ɗalibin NCE ɗaya ya haƙa rijiyar da za a sha shekara talatin.

Mu kuma malamai, aikinmu ya fi na kowa kusa. Kafin a fara sayar da fom, kowace sakandare ta zauna da 'yan aji shida da iyayensu a yi musu bayanin hanyoyin nan dalla-dalla. Kowannenmu ya duba ajinsa ya gano mutum ɗaya da zai iya gadon allinsa, ya jawo shi jiki, ya ba shi littafi, ya bar shi ya gwada tsayuwa gaban allo. Malaman Hausa da na Tarihi su tura ɗalibai wurin dattawan unguwa da littafin rubutu, a tattara labarin kowane gari, a ajiye kwafi a makaranta. Kukan albashi kuwa, mu kawo shi taron ƙungiya inda zai yi amfani, mu kai shi gaban hukuma da murya ɗaya. A gaban yara, mu nuna musu abin da ya sa muka zauna.

Iyaye, 'ya'yanku ne, kuma ku za ku yanke shawara tare da su. Idan ɗanku ko 'yarku ta zo ta ce malanta take so, ko Tarihi, ku tambaye ta dalili, ku saurara, ku sa albarka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malamin da zai karɓi jikokinku a aji ɗaya nan da shekara goma, bana ne zai cike fom.

Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya albarkaci zuriyarmu. Amin.